Yadda Mutum Zai Gane Mindar Da Ya Gada

Zuwa ga Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan lambobin soja, waɗanda tsofaffin sojanmu ke ce wa minda. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da su, a ƙasan adaka ko a cikin gwangwani tare da tsofaffin kuɗi, ba wanda ya san ko na wane ne, balle yaƙin da aka ba da su dominsa. Waɗansu yara sun yi wasa da su sun ɓatar, waɗansu kuwa an kai wa maƙerin fari ya narke ya yi zobe. To, wanda ke son ya bi asalin gidansu ya sani, wannan ɗan ƙarfe shaida ne, yana da rubutu a jikinsa, ana kuwa iya karanta shi in an san inda za a duba.

Da fari a dubi kan sarkin da ke fuskar lambar, domin shi zai faɗi zamani. In mace ce da lulluɓi, Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta rasu a 1901. In namiji ne mai gemu, a karanta rubutun da ya kewaye shi: EDWARDVS VII shi ne Sarki Edward, wanda ya yi sarauta daga 1901 zuwa 1910, GEORGIVS V shi ne Sarki Joji na Biyar, daga 1910 zuwa 1936. Wanda ba shi da gemu kuwa Joji na Shida ne, sarkin zamanin yaƙin Hitila. Kada harafin V ya rikita mai karatu, rubutun Latin ne, a nan yana tsaye ne a madadin U.

Sa'an nan a juya lambar a tsaye a dubi kaurin bakinta, wurin da ba kowa ke lura da shi ba. A lambobin da aka bayar tun daga yaƙe-yaƙen Turawan farko har zuwa yaƙin Jamus na 1914 zuwa 1918, galibi a nan a kan buga lambar sojan, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa, da ƙananan haruffa. Saboda haka ne na ke roƙon jama'a kada a goge minda da toka ko yashi ko lemun tsami don ta yi ƙyalli. Tsatsa da baƙi ba su rage mata kome, amma guga na cinye haruffan, in kuwa sun tafi sun tafi ke nan. Ruwa da sabulu da tsumma mai taushi sun isa. Haka kuma kada a yar da ƙyallen da ta ke rataye da shi, ko da ya koɗe, domin kowace lamba da launin ƙyallenta.

Bari in kawo misali da na gidanmu, don shi na fi sani. Goggona ta ba ni lambobi biyu da ta gada, ta ce duka na mahaifinta ne, watau kakana, wanda ya je yaƙin Bama. Ɗaya tauraro ce ta tagulla mai tsini shida, an rubuta THE BURMA STAR a jikinta, wannan ba gardama. Ɗayar kuwa farar azurfa ce, kewayayya, da kan Sarki Edward. A bayanta an zana wata mace tsaye da zaki kusa da ita, a ƙasa an rubuta AFRICA. A saman ta an gitta wani ɗan siririn ƙarfe mai rubutu: N. NIGERIA 1903. Kakana kuwa bayan 1903 da shekaru masu yawa aka haife shi. Da na duba bakinta da gilashin ƙara girma sai ga lambar soja da sunan mahaifinsa, wanda a gidanmu an san shi da fatauci kaɗai, ba wanda ya taɓa ambatar ya sa kaki.

Wannan lamba an ƙago ta a 1902 domin ƙananan yaƙe-yaƙen da Ingilishi suka yi a Afirka, ba a kuwa ba da ita sai da irin wannan ɗan ƙarfe na gicciye, wanda galibi ke faɗin ƙasa da shekara. Ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da layi biyu kore. Mai 1903 na waɗanda suka yi yaƙin Kano da Sakkwato ne. An ci Kano ran 3 ga Fabrairu na wannan shekara, a ƙarshen watan aka kara a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, kana ran 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da jama'a masu yawa. Mai 1906 kuwa na Satiru da Haɗeja ne. Kowa ya san abin da waɗannan sunaye ke nufi gare mu. Ba abin mamaki ba ne tsoho ya bar soja, ya kama fatauci, ya yi shiru da bakinsa har ya mutu.

Na faɗi wannan ne domin mai shirin bincike ya san ba kullum zai tarar da abin da ransa ke so ba. Amma a ganina ɓoyewa ba ta da amfani. Hafsoshi da 'yan sajoji kaɗan ne Turawa a rundunar da Lugga ya kafa a 1897. Sauran duk baƙar fata ne, Hausawa da Yarabawa da Nufawa da sauransu. Tun 1863 Gwamna Gulba ya fara tara sojan Hausa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. Wani bauta ya guje wa, wani yunwa, wani albashi ya ja shi. Lambar ba ta faɗin dalilin mutum, ba ta kuma faɗin ko a Kano ya tsaya ko ya kai Burmi. Iyakar abin da ta ke tabbatarwa shi ne yana cikin rundunar a watannin nan. Mai rubuta tarihin gidansu sai ya rubuta wannan, ya tsaya a nan, kada ya ƙara gishiri don yabo ko don zargi.

Na yaƙin Jamus guda uku aka fi gani. Akwai tauraron tagulla mai takubba biyu gicciye, na waɗanda suka shiga fagen fama a 1914 ko 1915, sunan mai shi a bayansa ya ke. Akwai ta azurfa mai kan Joji na Biyar, da mahayin doki a baya, da shekarun 1914 da 1918. Akwai kuma ta nasara, mai siffar mace da fukafukai, ƙyallenta kamar bakan gizo. Mutanenmu da suka sami waɗannan galibi a Kamaru suka yi yaƙi, wuraren Garwa da Banyo da dutsen Mora, wanda bai sallama ba sai Fabrairu 1916, ko kuwa a Afirka ta Gabas, inda aka yi mummunar karawa a Mahiwa a Oktoba 1917. Kada kuma a yi mamaki in an tarar da lambar Jamus a gidan Bahaushe ko Babarbare, domin Jamus ma sun ɗauki soja a Kamaru. Shahararren Samanja Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa, da Jamus ya fara kafin ya koma wajen Ingilishi.

Wahalar ta fi yawa a lambobin yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, domin Ingila ta ba da su ba suna. Tauraron Bama na kakana da na kowane soja iri ɗaya ne, ana kuwa sayar da irinsa a kasuwa. Abin da ya ke nunawa kawai shi ne fagen da aka je. THE AFRICA STAR na iya nuna yaƙin Habasha da Somaliya, inda sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941. Na Bama kuwa na nuna runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka bi kwarin Kaladan da dajin Arakan, suka ci Myohaung a Janairu 1945. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo ne a kan rawaya, ta 82 kuwa masu biyu gicciye a kan gammo. In an sami tsohon hoto ko guntun kaki mai ɗayan alamun nan, to an san rundunar. Don haka a wannan zamani takarda ta fi ƙarfe daraja: a nemi littafin sallama, ko takardar fansho, ko wasiƙa, a duba lamba mai farawa da NA, wadda ita ce ta sojan Nijeriya, kamar yadda GC ke nuna na Gwalkwas, watau Gana ta yau.

Lambar soja na ke ta nanatawa, ba suna ba, domin suna yana yaudara. Al'adar bariki ce a rubuta mutum da sunansa da na gari, Audu Kano ko Musa Bauchi, a bataliya guda kuwa sai a sami masu suna ɗaya barkatai. Garin ma ba lalle ne nasa ba, wani inda aka ɗauke shi ne, wani kuma ya sake suna don kada a bi sawunsa. Ga shi kuma akawun Turawa yadda ya ji haka ya ke rubutawa, Mamman ya zama Momo, Abdu ya zama Abudu. Lamba kuwa ta mutum ɗaya ce a rundunarsa.

Wanda ya sami lambar sai ya nemi rajista. A gidan ajiye takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a Landan, akwai littattafan da aka jera sunayen waɗanda aka ba lambobin yaƙe-yaƙen farko, a ƙarƙashin alamar WO 100, da katunan yaƙin Jamus a ƙarƙashin WO 372, ana kuwa iya neman katunan ta intanet. A gida akwai gidan ajiye takardu na ƙasa a Kaduna, mai amfani ga labarin lardi da gunduma. In sojan bai dawo ba, a duba jerin hukumar da ke kula da kaburburan sojan Kwamanwel, kyauta ne. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da mutanenmu a ciki. Amma rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai je ba, domin a 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa ba a rubuta sunayen 'yan Afirka masu yawa da suka mutu a yaƙin Jamus ba, musamman masu ɗaukar kaya.

Kafin a kai ga duk wannan, a zauna da tsofaffin gida, musamman mata, a tambaye su daga hannun wa lambar ta fito, a wane ɗaki aka same ta, wa ya riƙe ta kafin wa. A rubuta amsar da ranar da aka yi tambayar, a ɗauki hoton fuska da baya da baki, a ajiye tare da lambar. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, waɗanda kakanninsu suka yi wa Faransa soja, lambobinsu dabam ne, galibi kuwa ba suna a jikinsu. Zan yi murna in wani daga cikinsu ya rubuto wa jaridar nan bayanin nasu.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Zariya.