Rumbun Takardu ko Allon Rabon Aiki: Wace Manhaja ce Ta Dace da Masu Aikin Bakolori?

Da zarar an kawar da amfanin damina, hankalin manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun yakan koma kan tambaya guda: yaushe za a sako ruwa? Kafin ruwan madatsar Bakolori ya kai gonar mai shinkafa, akwai aiki jibge. Sai an yashe magudanai, an gyara ƙofofin ruwa, an tantance sunayen manoma, an karɓi kuɗin ruwa, sannan a raba ranakun ban-ruwa. Aikin kuwa na hannun mutane da yawa: injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da malaman gona, da 'yan kwangila.

Kamar sauran ƙungiyoyi a arewacin Nijeriya, abin da ya fi sauƙi ga irin waɗannan ma'aikata shi ne zauren WhatsApp. Sai dai takardar da aka tura yau, jibi ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Shi ya sa masu neman gyara ke duban manhajoji iri biyu: na ajiyar takardu a intanet, da na tsara aiki.

Bakolori ta san tsadar rikicin ƙasa da lissafi. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar a kan kogin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, da niyyar shayar da kadada 23,000: kadada 15,000 ta hanyar feshi, 8,000 kuma ta magudanai. Manoman da aka tayar, da waɗanda aka hana su noma lokacin da ake daidaita filaye, sun yi ta kuka kan diyya da yadda aka sake raba gonaki. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa masu zanga-zanga, aka rasa rayuka da dama, har yau ana saɓani kan adadinsu. Babu mai cewa manhaja ce za ta hana wannan masifa. Amma tambayoyin da aka yi ta jayayya a kansu, wato gonar wane ce wannan, kadada nawa ce, wa aka biya, su ne dai ke gaban kowace ƙungiyar manoma a yau.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin dala miliyan 495 don shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani, wanda ya haɗa Bakolori da Kadawa da Haɗeja da Goronyo da Dadin Kowa. Ɗaya daga cikin ginshiƙan shirin shi ne a danƙa kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa a hannun ƙungiyoyin manoma. Wanda aka ɗora wa wannan nauyi dole ya iya adana takarda, ya kuma iya bin diddigin aiki.

Manhajojin ajiya, irin su Dropbox da aka kafa a 2007 da Google Drive da ta fito a 2012 da OneDrive ta Microsoft, aikinsu ɗaya ne: su riƙe takarda a wurin da kowa mai izini zai same ta. Google tana ba da gigabayit 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox 2. Rajistar manoma, da taswirar filaye, da hotunan rasit, da rahoton taro, duk za su shige cikin wannan gurbi babu matsi. Idan wayar sakatare ta faɗa ruwa ko aka sace ta, takardun suna nan. Akwai kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba: jadawalin Google yana riƙe tarihin gyare-gyare, don haka idan aka wayi gari gonar wani ta ragu daga kadada ɗaya zuwa rabi, za a ga wanda ya taɓa lissafin da ranar da ya taɓa.

Amma fa rumbu hatsi yake adanawa, ba ya gaya wa 'yan gandu wanda zai yi huɗa gobe. Takardar da ta ce ƙofar ruwa ta lalace za ta iya shekara a ajiye lafiya lau, ƙofar kuma tana nan a lalace.

Nan ne manhajojin tsara aiki ke shigowa. Tushensu ya girmi kwamfuta. Henry Gantt, injiniya ɗan Amurka, ya yaɗa jadawalin da ke nuna kowane aiki da tsawon lokacinsa tun shekarun 1910, kuma a kansa aka gina Microsoft Project da ta fito a 1984. Kamfanin motoci na Toyota a Japan ya ɓullo da tsarin katuna masu tafiya daga mataki zuwa mataki, wanda Trello ta mayar allon intanet a 2011. Asana kuwa tsofaffin ma'aikatan Facebook ne, Dustin Moskovitz da Justin Rosenstein, suka kafa ta a 2008. Dukkansu abu uku suke ba mai amfani damar rubutawa: mene ne aikin, wa zai yi, yaushe zai gama.

A ɗauka ƙungiya tana shirin noman rani. Za ta buɗe allo mai layi uku: abin da ba a fara ba, abin da ake kai, abin da aka gama. Yashe magudanar wani sashe kati ne, ɗauke da sunan shugaban sashen da ranar kammalawa. In ranar ta wuce katin bai motsa ba, kowa zai gani, babu buƙatar a jira taron wata. Ga injiniya kuma, jadawalin Gantt yana nuna ayyukan da suka rataya a kan juna: ba a sakin ruwa sai siminti ya bushe, siminti ba ya zuwa sai an biya ɗan kwangila, jinkirin mako biyu a ofis kuma yana iya tura girbin shinkafa cikin ruwan farko na damina.

Raunin waɗannan manhajoji shi ne suna son kulawa kullum. Allon da aka bari mako uku ba a taɓa ba ya koma yana faɗin ƙarya. Ga kuma tsada: sigar kyauta tana iyakance yawan mutane, sigar biya kuma da dala ake lissafinta, kowane mutum kowane wata, abin da ya ƙara nauyi tun faɗuwar darajar naira a 2023. Sannan yawancinsu da Turanci suke magana, alhali jakar takardu ana iya raɗa mata suna da Hausa, a jefa hoto ko saƙon murya a ciki.

Sai batun sabis, wanda Zamfara, jihar da Bakolori take ciki, ta ɗanɗana fiye da kowa. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da umarnin rufe layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu ƙananan hukumomi suka shafe fiye da wata biyu babu waya babu intanet. Duk wanda bayanansa ke intanet kaɗai a lokacin, ya rasa hanyar kaiwa gare su. Google Drive tana ba da damar sauke takarda a buɗe ta ba tare da sabis ba, manhajar KoboToolbox kuma ana cike fom da ita a tsakiyar gona, ta tura bayanan idan an dawo gari. Duk da haka, rajistar da aka buga a takarda aka kulle a ofis ba ta da madadi.

Tsaro ma abin dubawa ne. Jerin sunayen manoma da lambobin wayarsu da girman gonakinsu ba abin yawo da shi ba ne a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tara irinsu. Ya kamata asusun ya zama na ƙungiya, kada ya zama na sakatare shi kaɗai, a kuma taƙaita masu izinin gyara.

Idan aka auna, ƙungiyar manoma ta fi buƙatar ajiya mai tsari tun farko, da jadawali guda a cikinta mai nuna aiki da mai aikin da ranar gamawa. Cikakkiyar manhajar tsara aiki ta fi dacewa da ofishin injiniyoyi da 'yan kwangila, inda ayyuka ke sarƙe da juna kuma akwai ma'aikacin da zai riƙa sabunta allon. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara, da ɗaliban da suka san kwamfuta. Ya rage ga hukumar kogin da shugabannin ƙungiyoyi su nemi haɗin kanta, a horar da sakatarorin sassa kafin lokacin sakin ruwa na gaba.