Kwamfuta Ta Ƙi Shiga Intanet? Fara Duba Lambarta



Tun shekarar 2015 duk mai rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta yake yi. Yayyenmu na Gaya da Ajingi ba su da zaɓi, mu ma nan gaba haka za mu yi. To amma sau da yawa ana shiga ɗakin kwamfuta, a kunna, intanet ta ƙi zuwa, sai a ce data ce ta ƙare. Wani lokaci data na nan, lamba ce kwamfutar ba ta samu ba.

Kowace kwamfuta ko waya sai an ba ta lamba kafin ta yi magana da sauran, kamar yadda malamin aji yake ba kowane ɗalibi lamba a rajista. Sunan wannan lamba adireshin IP. Mai rabon ita ce rawuta ko MiFi, kuma tsarin rabon ana ce masa DHCP. Kwamfuta ta roƙa, rawuta ta ba ta aro na wani lokaci.

Ga yadda ake dubawa a Windows. Ka buɗe cmd, ka rubuta ipconfig, ka danna Enter. Idan lambar ta fara da 192.168, galibi lafiya lau. Idan ta fara da 169.254, to kwamfutar ta roƙa ba a amsa mata ba, sai ta ba kanta lamba, kuma wannan lamba ba ta kai mutum intanet.

Me ke jawo haka?

1. Wuta. In aka kawo wuta ko aka tayar da janareta, kwamfuta na iya rigan rawuta tashi. A kunna rawuta tukuna, a jira fitilunta su tsaya.
2. Waya ta saki, ko ƙurar hunturu ta shiga ramin. A zare, a goge, a mayar har a ji ta ce ƙas.
3. Cunkoso. MiFi tana da iyakar na'urorin da take ɗauka. In wayoyi suka cika ta, kwamfuta sai ta rasa gurbi.
4. Wani ya rubuta lamba da hannu. Kwamfuta biyu da lamba ɗaya rigima ce, kamar ɗalibai biyu a kujera ɗaya. A mayar da saitin ta riƙa karɓa da kanta.

Bayan an gyara, sai ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Ma'ana ta mayar da tsohuwar lamba, ta roƙi sabuwa.

Roƙona ga 'yan uwa: kada a bugi kwamfuta, kada a danna maɓallin reset na bayan rawuta, domin yana goge duk saitin da malam ya yi. A nemi izinin malam kafin a taɓa komai. Tambaya rabin ilimi ce.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.