Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Maka Gane Tsuntsayen Fadama, Daga Dam Ɗin Tomas Zuwa Baturiya

Manomin Ɗambatta ko Makoɗa ba ya buƙatar kalanda kafin ya san damina ta ƙarato. Ganin shamuwa ta fara sheƙa a kan tsamiyar gari ya ishe shi. Amma shamuwa ɗaya ce cikin tsuntsaye masu yawa da ke zuwa ƙasar nan suna komawa bisa lokaci. Wasu daga kudancin Afirka suke tasowa, wasu daga Turai da Rasha. A da, gane su da rubuta bayanansu aikin masu bincike ne. Yanzu wayar Android mai matsakaicin kuɗi tana yin kaso mai yawa na wannan aiki. A yau za mu duba inda ake samun tsuntsayen, lokacin zuwansu, manhajojin da ake amfani da su, da dalilin da ya sa bayanan da za ka tara suke da amfani.

Ina ake samun su?

Arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a, kusan kowane taƙi gona ne. Don haka tsuntsayen ruwa sukan taru a madatsun ruwa da fadamun da ke kewaye da su: Dam ɗin Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, na Jakara da ke Wasai a Minjibir, da na Watari a Bagwai. Waɗannan ba gandun da aka keɓe wa tsuntsaye ba ne, amma nan ne makarantar farko ga mai koyo.

Babbar matattara tana gabas, wato dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe. A nan kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin ruwan ya nufi Tafkin Chadi. An lissafa nau'in tsuntsaye sama da 370 a yankin, kuma a ƙidayar watan Janairun 1997 an ƙirga tsuntsayen ruwa fiye da 324,000. Akwai wurare uku a cikinsa da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare dausayi: Tafkin Nguru da mashigar Marma, wanda aka yi wa rajista a 2000, sai Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma da Dagona kusa da Gashuwa, duka a 2008. Ga mutumin Kano, Baturiya ce mafi kusa, ta hanyar Gumel, Malam Madori da Haɗeja.

Kowane lokaci da baƙinsa

Wajen Afrilu zuwa Mayu shamuwa ke isowa, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a cikin ƙauyuka, sannan ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Da damina kuma tsuntsayen gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela sukan warwatsu, domin ko'ina akwai ruwa.

Daga Satumba zuwa Nuwamba baƙin Turai ke sauka, bayan sun tsallake teku da hamadar Sahara mai faɗin kusan kilomita 2,000. Cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa da manhaja za ta nuna maka da sunan Garganey, da wani mai dogayen ƙafafu da ake kira Ruff, wanda ke tsintar shinkafar da ta zube a fadama bayan girbi.

Disamba zuwa Fabrairu, wato tsakiyar hunturu, shi ne lokacin da ya fi dacewa da ziyara. Ƙananan kududdufai sun ƙafe, tsuntsaye sun haɗu a manyan tafkuna, kuma hanyoyin fadama sun bushe. Da bazara, a Maris da Afrilu, baƙin sukan ci su tara kitse su kama hanyar arewa. Da sassafe da kuma bayan la'asar aka fi ganin motsi, a lokacin ne ma ake iya cin karo da guza ko jan biri a bakin ruwa.

Merlin: manhajar gane tsuntsu

Manhajar Merlin Bird ID ta sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell ce a Amurka. Ta fito a 2014, kyauta ce, ana samunta a Play Store da App Store. Tana aiki ta hanyoyi uku. Ta farko, ka amsa tambayoyi: ina ka ga tsuntsun, yaushe, girmansa, launinsa, da abin da yake yi. Ta biyu, ka ɗora hotonsa. Ta uku, wadda aka ƙara a 2021, ka bar makirfon waya ya saurari kukansa.

Yadda sauraron ke aiki shi ne, manhajar tana mayar da sauti zuwa wani zane mai nuna hawa da saukar murya, sai ƙirƙirarriyar basira ta kwatanta zanen da waɗanda aka horar da ita a kansu. A nan ne mai karatu zai yi hattara. An fi naɗar kukan tsuntsayen Amurka da Turai, saboda haka manhajar ta fi ƙwarewa a kansu. Tana iya gane baƙon da ya zo daga Jamus, ta yi shiru ko ta yi kuskure a kan tsuntsun da ke kuka a bayan gidanku kullum. Abin da ta faɗa shawara ce. Sai idonka ya tabbatar.

Kafin ka bar gari, ka saukar da bayanan tsuntsayen yankinmu a cikin manhajar, domin ta yi aiki ko babu intanet. Ka kuma sani cewa da Turanci da sunan kimiyya take kawo sunaye. Tsoffin masunta da mafarauta ne ke riƙe da sunayen Hausa, kuma haɗa biyun a littafinka aiki ne mai daraja.

BirdLasser da eBird: manhajojin ajiye bayani

Gane tsuntsu daban, ajiye bayaninsa daban. A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, da ke Jos ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai. Manhajar da ake amfani da ita ita ce BirdLasser, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu.

An yanka taswirar ƙasa zuwa murabba'ai, kowane kimanin kilomita 9 tsawo da kilomita 9 faɗi. Manhajar tana nuna maka wanda kake ciki. Duk tsuntsun da ka gani sai ka latsa sunansa, ita kuma ta haɗa da lokaci da wurin. Domin jerinka ya zama cikakke, sai ka yi aƙalla awa biyu kana dubawa a murabba'i ɗaya, kuma kana iya ci gaba da ƙarawa har kwana biyar. Tsarin GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina kai tsaye, don haka ba ya buƙatar data ko sabis ɗin kamfanin waya. Idan ka dawo inda akwai sabis sai ka tura.

Ita kuwa eBird, wadda aka fara a 2002, taskar bayanai ce ta duniya baki ɗaya. Amfaninta ga mai shirin tafiya shi ne duba abin da wasu suka gani a wuri, da watan da suka gani.

Madubin hangen nesa da sauran kaya

Kyamarar waya ba ta ɗaukar agwagwar da ke tsakiyar tafki da kyau. Janyo hoto da yatsu a yawancin wayoyi faɗaɗa ɗigogin hoton kawai yake yi, shi ya sa yake dushewa. Maganin wannan shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. Za ka ga an rubuta lambobi a jikinsa, misali 8x42. Lambar farko na nufin yana kusanto da abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Iya faɗinsa, iya hasken da ke shiga. Mai 8x42 ko 8x32 ya ishi mai koyo. Ka guji masu alƙawarin sau 20 ko 30 a farashi mai arha, domin hannu ba ya iya riƙe su ba tare da hoton ya yi rawa ba.

Idan ka saita kyamarar waya a bakin ido ɗaya na madubin, za ka samu hoton da Merlin za ta iya karantawa. Ka tafi da abin ajiyar caji, saboda GPS da hasken allo suna shan batir. Da hunturu kuma ka riƙa hure ƙura daga gilashi kafin ka goge, don gogewa da bakin riga yana karce shi.

Akwai kuma dabarar duba ruwa tun daga gida. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, kuma ana duba hotunan kyauta a shafin Copernicus Browser. Da su za ka ga ko fadamar da kake nufi tana da ruwa kafin ka kashe kuɗin mota.

Idan ka ga tsuntsu da na'ura a bayansa

Wasu baƙin suna zuwa da zobe mai lamba a ƙafa, wasu da ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana a gadon baya. Ba kayan leƙen asiri ba ne, ba kuma na tsafi ba. Masu bincike ne ke saka su don bin hanyar ƙaura. Na'urar tana ɗaukar wurin da tsuntsu yake, ta tura ta tauraron ɗan'adam ko ta layin waya. A 2018 wata ƙungiya a Poland ta samu takardar biyan kuɗin waya na kusan Dala 2,700, bayan wani a Sudan ya cire layin da ke cikin na'urar wani tsuntsu dangin shamuwa ya yi ta kira da shi. Idan ka samu zobe, ka ɗauki hoton lambar da adireshin da ke jiki, ka sanar da masu bincike irin na APLORI. Manhajar Animal Tracker ta cibiyar Max Planck a Jamus kuma tana nuna tafiyar irin waɗannan tsuntsaye a taswira.

Me ya sa bayananka ke da muhimmanci?

Ruwan da ke rayar da Baturiya daga Kano yawancinsa ke tasowa. Tun da aka gina Dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ambaliyar da ke cika fadamun duk shekara ta ragu ƙwarai. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Kacala ta zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da ke cinye gero, dawa da shinkafa. Ke nan abin da ya taɓa agwagwar Turai ya taɓa masunci, makiyayi da manomi.

Ba a gane irin wannan canji sai da lissafi na shekaru. A 1981 Sharland da Wilkinson sun wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano, lokacin Jigawa tana cikinta. Domin a san abin da ya ragu ko ya ƙaru tun daga wancan lokaci, sai an samu masu rubutawa a yau. Masu bincike ba za su iya zuwa kowane ƙauye kowane wata ba, amma ɗalibin da ke zaune kusa da Tomas zai iya. Gauraka misali ce: dattawa sun san ta a fadamu da gidajen sarauta, yanzu ganinta a daji a Najeriya ya zama abu mai wuya.

Ladubban fita

Ka fara gaida mai unguwa ko jami'an gandu ka faɗi abin da ya kawo ka, domin baƙo mai madubi da kyamara yana jawo zargi. Kada ka taka shukar rani, kada ka ɗauki hoton mutane ba izini. Kada ka riƙa kunna kukan tsuntsu daga waya don janyo shi, musamman lokacin sheƙa. Idan ka ga tsuntsun da ake kamawa a sayar, kamar gauraka, kada ka faɗi takamaiman wurin a Facebook, kuma ka tuna hoton waya yakan ɗauki bayanin GPS a cikinsa idan ba ka kashe ba. Idan ka tarar da matattun tsuntsaye da yawa, kada ka taɓa. Ka sanar da ofishin likitan dabbobi, saboda murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006.

Ba sai ka jira tafiya Baturiya ba. Ka fara da tsuntsaye goma da ka sani a gonarku, ka nemo su a Merlin, sannan ka tura jerinka na farko. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967. Wanda ya fara koyo da kaka, kafin lokacin ya iya bambance dinya da kirinjijiya da baƙin da ke tsakaninsu.