Daga Barewa zuwa Giwa: Abubuwan Mamaki a Kan Harsashin Farauta

Mafarautan Amurka da Turai na iya kwana suna musu a kan harsashin da ya fi dacewa da barewa, kuma gari ya waye ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Rikicin tun daga suna yake farawa.

Lambar da ke jikin harsashi kaurinsa ya kamata ta nuna, amma kowane kamfani da irin lissafinsa. A .30-06, 30 ɗin kauri ne, wato kashi 30 cikin 100 na inci, 06 kuwa shekarar 1906 ce, lokacin da rundunar sojan Amurka ta fara aiki da shi. A .30-30 na Winchester, wanda ya fito a 1895, 30 ta biyu nauyin albarushin da ke cikin kwanso ce. Shi da .30-06 da .308 duk kaurinsu ɗaya, girman kwanso da yawan albarushi ne suka raba su. Sai .303 na Ingila: a lamba bai kai .308 ba, amma in aka auna ya fi shi kauri.

Ma'aunin da ake auna harsashi da shi har yau, giren, daga ƙwayar sha'ir aka samo shi. Guda 7,000 ke yin laba ɗaya.

Wanda ya fi rikita masu cewa babbar dabba sai babbar bindiga shi ne W.D.M. Bell, ɗan Sukotilan da ya yi farautar hauren giwa a yankin Karamoja na Yuganda a farkon ƙarni na 20. Ya kashe giwa fiye da 1,000, yawancinsu da 7x57 Mauser, wanda Turawan Ingila ke kira .275 Rigby, harsashin da a yau ake ɗauka na barewa ne. Ba tsafi ya yi ba. Zama ya yi ya tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto, ya gano inda ƙwaƙwalwa take da hanyar da harsashi zai bi ya same ta ta kowace kusurwa. Gwaninta kam akwai ta, sai dai ɓarna ce tsagwaronta, kuma da yau ne da kurkuku zai kwana. Yanzu ƙasashen Afirka da dama ba sa yarda a tunkari giwa ko ɓauna da abin da bai kai .375 H&H ba, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912.

Da irin wannan .275 ɗin ne Jim Corbett ya kashe damisar Rudraprayag a Indiya a 1926, bayan ta hallaka mutum fiye da 100.

A 1953 wata mata 'yar ƙabilar Cree mai suna Bella Twin ta yi kiciɓis da wani ƙaton beyar kusa da Slave Lake a Kanada. Abin da ke hannunta 'yar bindigar harbin zomo ce, .22 mai cin harsashi ɗaya. Ta auna gefen kansa ta harba, ya faɗi, ta ƙara masa wasu don ta tabbatar. Da aka auna ƙoƙon kan, sai ga shi ya shiga sahun mafi girma da aka taɓa rubutawa a lokacin. Ba mai hankalin da zai kwaikwaye ta da gangan.

Mutanen Suwidin sun fi shekara 100 suna harbin mus, wata dangin barewa da ta kai doki girma, da siririn harsashinsu 6.5x55. Tsawonsa ne ke sa ya nutse sosai cikin jikin dabba.

Babbar bindiga kuma tana da nata sharrin. Naushin da take yi a kafaɗa kan sa maharbi ya riƙa zabura tun kafin ya ja kunama, sai ya kuskure ko ya raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Ƙarshen wannan hauka shi ne .700 Nitro Express na 1988, mai harsashin giren 1,000, kusan giram 65.

Wani lokaci doka ce ke yi wa mutum zaɓi. A Ingila haramun ne a harbi manyan barewa da abin da bai kai .240 ba. A jihohin Amurka irin su Ohio da Iowa, inda gonaki da gidaje ke kusa da juna, an fi yarda da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso wanda ba ya cin dogon zango, shi ya sa Winchester ta ƙera .350 Legend a 2019. A shekarar ce kuma Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya, saboda wata ƙatuwar ungulu mai suna kondo tana cin kayan cikin da mafarauta suka bari a daji, gubar dalma na kashe ta.