Gano Ƙwayoyin Bakteriya da Hasken Tabiyam

Tabiyam ƙarfe ne daga cikin dangin sinadarai 15 da ake kira lantanaid. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf Mosander, shi ya gano shi a shekarar 1843.

Akwai wasu bakteriya, irin mai haddasa ciwon saifa a jikin shanu da mutane, waɗanda idan suka rasa abinci sai su lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri, su kwanta shekara da shekaru cikin ƙasa. A cikin wannan ɓawo akwai wani sinadari mai suna asid dipikolinik, wanda yakan kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙwayar. Idan aka dafa ƙwayar, sinadarin yakan fito ya manne wa tabiyam. Da an haska su da hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, sai sinadarin ya zuƙi hasken ya miƙa wa tabiyam ƙarfinsa, shi kuma ya fitar da koren haske.

Abin sha'awa shi ne wannan haske yana daɗewa. Ƙura da datti su ma suna ƙyalli, amma nasu nan take yake mutuwa, don haka na'ura takan ɗan jinkirta kafin ta auna.

Binciken ya ƙara ƙarfi bayan wasiƙun da aka aika ɗauke da ƙwayar saifa a Amurka a 2001, inda mutum 5 suka mutu. Sai dai hasken ba ya bambanta ƙwaya mai kisa da 'yar'uwarta marar illa. Wannan sai an yi wani gwajin daban.