Paella: Yadda mutanen Sifaniya ke dafa shinkafar da ba a juyawa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton paella, ko ya ci ta a wani otal a Abuja ko Dubai, yakan ɗauka cewa shinkafa ce da aka jibga wa jatan lande da sauran halittun teku. A garin da ta samo asali, wato Balensiya da ke gabashin Sifaniya, ba haka take ba. A can abincin manoma ce, ana yin ta da kaza da zomo da wake iri biyu, kuma darajarta tana cikin shinkafar ne, ba cikin abin da aka ɗora mata ba. Wanda ya fahimci wannan zai iya dafa ta a gidansa ba tare da asarar kuɗin cefane ba.

Inda ta samo asali

Sunan, wanda ake furtawa "paeya", sunan kaskon da ake dafa ta ne a harshen mutanen Balensiya: faffaɗa ne, marar zurfi, na ƙarfe, mai hannu biyu. Shinkafar kuma Musulmin Andalus ne suka yaɗa nomanta a ƙasar bayan shigarsu a shekarar 711, kuma Balensiya ta kasance a hannunsu har zuwa 1238. Sawunsu yana nan a cikin harshen: kalmar "arroz", wato shinkafa, daga Larabci take, haka ma "azafrán", wato za'afaran. Tafkin Albufera da ke kudu da birnin, wanda gonakin shinkafa suka kewaye, sunansa daga "al-buhaira" ne, ma'ana ƙaramin teku.

A gefen wannan tafki ne ma'aikatan gona suke dafa abincin rana a kan wutar itace da abin da ke kusa da su: kazar gida, zomo, kayan lambu, wani lokaci da agwagwa ko dodon koɗi. Ta kifi da jatan lande nau'i ne daban na bakin teku. Babu naman alade a cikin ta asalin, shi ya sa a shekarar 2016 da fitaccen kukun Birtaniya Jamie Oliver ya saka mata tsiran alade na chorizo, mutanen Sifaniya suka yi masa ca a shafukan sada zumunta. A 2021 gwamnatin yankin Balensiya ta sanya paella cikin kayan gadon al'ada da doka ta ba kariya.

Abin da ya bambanta ta da dafa-duka

Uwargidan da ta ƙware a dafa-duka za ta ga kamar aiki ɗaya ne, amma al'adu uku na dafa-duka su ne ke lalata paella: tukunya mai zurfi, rufewa, da juyawa.

A paella ana shimfiɗa shinkafa ne sirit a faɗin kasko, kaurinta kada ya wuce na ɗan yatsa sosai. Hakan yana sa kowace ƙwaya ta sha romo daidai da 'yar uwarta, ruwan kuma ya ƙone da sauri ta sama. Idan aka zuba ta a tukunya mai zurfi, ta ƙasa za ta caɓe kafin ta sama ta nuna. Idan aka rufe, tururi zai koma ciki ya jiƙa ta. Idan kuma aka juya, ƙwayoyin za su goge juna su saki sitacinsu, sai a tashi da abu mai danƙo kamar an fara tuwo.

Irin shinkafar ma yana da muhimmanci. Mutanen Balensiya suna amfani da gajeruwa mai kumburi, irin su bomba da senia, saboda tana shan romo mai yawa, ɗanɗanon naman ya ratsa ta har ciki. Doguwar shinkafa turararriya da aka saba yin dafa-duka da ita ba ta shan romo haka. Wanda bai sami bomba a manyan kantuna ba sai ya nemi gajeruwar shinkafa da ba a turara ba, ya ɗan rage ruwa, domin wasu daga cikinsu suna saurin narkewa.

Kayan haɗi na mutum huɗu

Shinkafa giram 400. Kaza rabin kilo. Zomo kamar giram 400, ko a ƙara kaza idan babu shi. Koren wake giram 200. Manyan farin wake masu faɗi giram 100, waɗanda aka jiƙa aka ɗan dafa. Nunannen tumatir biyu a goge. Man zaitun cokali shida. Garin jan tattasai marar yaji ƙaramin cokali ɗaya. Za'afaran ɗan kaɗan. Gishiri da ruwa. Kaskon ya kai kimanin santimita 40 a faɗi.

Za'afaran shi ne mafi tsada a cikin kayan ƙamshi na duniya, domin zare uku kacal ake samu a kowane fure, kuma da hannu ake cire su. Sai dai abin da ɗan yatsa biyu suka tsinta ya isa kasko guda. Kurkum zai ba da launin ɗorawa, amma ƙamshinsa daban ne. Babu albasa a cikin ta gargajiya, saboda ruwanta yana tausasa shinkafar, kuma babu attaruhu.

Yadda ake dafawa

A daidaita kaskon a kan murhu yadda mai zai tsaya a tsakiya, domin idan ya karkata gefe ɗaya zai ƙone, ɗayan ya zauna da ruwa. Murhun gawayi da aka baza wutarsa ya fi ƙaramin kan gas, wanda ke dumama tsakiya kawai.

A yanka naman ƙanana, a barbaɗa gishiri, a soya shi a hankali har ya yi ja ta kowane gefe. Wannan yakan ci minti 15 zuwa 20, kuma a nan ne ɗanɗanon abincin yake samuwa. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ci shinkafa salam. Sai a ture naman gefe, a soya koren wake a tsakiya, a zuba tumatir har ruwansa ya tsane. A sa garin tattasai a motsa na ɗan lokaci kaɗan, a bi shi da ruwa nan take, domin idan ya ƙone ɗaci yake yi.

A zuba ruwa kamar lita biyu, a saka farin wake da za'afaran, a bar su su tafasa kusan rabin awa. Abin da ake so ya rage shi ne romo kimanin ninki uku na ma'aunin shinkafar. A ɗanɗana, ya kamata gishirin ya ɗan fito, tunda shinkafa za ta shanye shi.

Daga nan a zuba shinkafar ba tare da wankewa ba, a baza ta ko'ina da cokali sau ɗaya, sannan a janye hannu. Minti takwas a kan wuta mai ƙarfi, minti goma a kan wuta kaɗan. Idan romon ya ƙare kuma aka ji ƙasan kasko yana ƙara ƙas-ƙas, a ƙara wuta na minti ɗaya. Wannan ne ke samar da abin da suke kira "socarrat", wato ƙanzo mai launin zinariya, wanda a wurinsu shi ne abin rububi. Hanci ne alƙali a nan: ƙamshin gashi ake nema, da an ji ƙauri a sauke. A lulluɓe kaskon da tsabtataccen ƙyalle, a bar shi ya huta minti biyar.

Yadda ake ci

A Balensiya paella abincin rana ce, musamman ranar Lahadi da iyali ke haɗuwa, kuma sau da yawa magidanci ne ke tsayawa a kan wutar, da itacen lemu idan an samu. Ana ajiye kaskon a tsakiya, kowa ya ɗauki cokali ya ci daga gabansa zuwa tsakiya, ba ya tsallakawa gaban wani. Wannan ladabi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan da ake cin abinci a kwano ɗaya. Idan baƙi sun ƙaru, kada a ƙara shinkafa a cikin kaskon da bai isa ba. A ɗora na biyu.