Mai Hange: Ido da Garkuwar Maharbi a Wasan Eyasof

Wasan eyasof ya samo asali ne daga Japan a farkon shekarun 1970, inda doka ta tsaurara wa farar hula mallakar bindiga, sai masu sana'a suka fara ƙera bindigogin wasa masu kama da na gaske. Harsashinsu ɗan ƙwallon roba ne mai faɗin milimita 6. A yau ana buga wasan a dazuzzuka da tsofaffin gine-gine a Turai da Amurka da Asiya, ƙungiya da ƙungiya, kuma ginshiƙinsa amana ce: wanda harsashi ya taɓa shi ne zai ɗaga hannu ya ce an same shi, ya fita daga fili.

A cikin 'yan wasa, wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne maharbin ɓoye. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kusa da shi akwai abokin tafiya da ake kira mai hange, kuma sau da yawa shi ke riƙe da nasarar tawagar.

Dalilin yana cikin bindigar maharbin. Irin su VSR-10 ta kamfanin Tokyo Marui, sai an ja an ɗana kafin kowane harbi. Bindigar maharbi galibi tana da ƙarfi fiye da sauran. A Birtaniya doka ta ba irinta iyakar jul 2.5, mai ɓarin wuta kuwa jul 1.3. Saboda wannan ƙarfi, filaye da yawa sun hana maharbi harbin wanda ya matso kusa da mita 20 ko 30. Ke nan idan abokin hamayya ya ɓullo ta bayan kurmi, maharbi ya zama kamar marar makami. A nan ne mai hange ke shiga. Yana ɗauke da bindiga mai batir, wadda ke sakin harsasai a jere, da ƙaramar bindiga a ƙugu. Ya fi kyau mai batir ɗin ta kasance gajera marar nauyi, don kada ta sarƙe a rassa lokacin rarrafe.

Kayan mai hange na farko dai tabaron kare ido ne mai inganci, wanda ba a cirewa a fili ko da gumi ya sa ya yi hazo. Sai madubin hangen nesa. Mai kusanto da abu sau 8 ya wadatar, domin harbin eyasof bai cika wuce mita 70 zuwa 80 da daidaito ba, kuma madubi mai ƙarfi sosai yana ƙuntata gani. Sai na'urar auna nisa mai leza, da taswirar fili, da kamfas, da ruwan sha. Sai rediyon oba-oba mai abin sawa a kunne, don kada ƙararsa ta tona asiri. Tufafin ɓoyo kuwa, mai zare-zare da ake cusa wa ciyawa da ganyen wurin, asalinsa na masu gadin namun daji ne a Sikotilan. Dole mai hange ya ɓuya kamar yadda maharbi ya ɓuya, domin idan aka ga ɗaya, an ga biyu.

Dabara tana farawa daga wurin kwanciya. Mai hange yakan kwanta ɗan baya kaɗan a gefen maharbi, inda zai ga abin da yake gani, ya kuma riƙa waiwayen baya da gefuna. Maharbi idonsa na cikin madubin bindiga, duniyarsa ta zama ɗan ƙaramin da'ira. Sauran dajin na wuyan abokinsa. Suna magana da raɗa ko da alamar hannu, kuma suna kwatance da fuskar agogo: ƙarfe 12 gaba, ƙarfe 3 dama. "Mutum biyu, ƙarfe 2, mita 60, gindin itacen da ya faɗi" ya isa.

Bayan harbi aikinsa ya ƙaru. Harsashin ba shi da nauyi. Ko masu nauyin da maharba ke so ba su cika kai rabin giram ba, don haka iska kaɗan na karkatar da shi. Amfanin shi ne ana iya bin farin ƙwallon da ido har ya sauka. Mai hange ya ga ya kauce hagu, sai ya ce a gyara dama. Bayan harbi biyu ko uku, shi ne zai ce a tashi, ta hanyar da ya riga ya zaɓa tun kafin su kwanta.

Akwai kuma ranar da gara kada a taɓa kunama sam. A manyan wasannin da ke kwaikwayon aikin soja, waɗanda kan ɗauki yini da kwana, sanar da shugaban ƙungiya cewa mutum goma sun bi ta rafi ya fi fitar da mutum ɗaya amfani.

Saboda haka mai son wannan matsayi ya fara da koyon haƙuri kafin sayen kaya. Zai kwanta awa guda cikin sauro da raɓa bai harba ko ɗaya ba, a tashi wasa a yi ta yabon maharbi. Shi kuwa maharbin ya san wanda ya nuna masa inda zai duba.